Darasi na 9: Ɗaura ƙarfen kariya a babur mai cin dogon zango da kwance shi

Manufofin darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana son kowane mai koyo ya iya:

1. bayyana abin da ƙarfen kariya yake tsarewa da abin da ba ya tsarewa;
2. tantance noti ta kaurinsa, tsawonsa da lambar da ke kansa;
3. ɗaure noti daidai awon da kamfani ya faɗa;
4. ɗaura ƙarfen ba tare da inji ya goce daga mazauninsa ba;
5. kwance ƙarfen ya mayar da babur yadda ya fito daga kamfani.

1. Babur ɗin da muke magana a kansa

Akwai nau'in babur da aka ƙera don ya bi kwalta, ya bi burji, ya ratsa yashi, ɗauke da mutum da kayansa kwana da kwanaki. Dogo ne, tayarsa ta gaba babba ce, tankinsa kuma yana cin mai da yawa. Kamfanin BMW na Jamus ya fito da R80 G/S a 1980, Yamaha ya fito da XT600Z Ténéré a 1983, Honda kuma ya kawo Africa Twin a 1988. Waɗannan babura ba baƙin yankinmu ba ne. Tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda ya tashi a ƙarshen Disamban 1978, ya bi ta Agadas da Yamai, kuma daga hamadar Tenere ta Nijar Yamaha ya ɗauko sunan babur ɗinsa.

Abin da ya shafe mu a nan nauyi ne da tsawo. Ténéré 700 da tanki cike yana kai kilo 204. BMW R1250GS yana kai kilo 249. Babur ɗin acaɓa irin Boxer kuwa bai kai kilo 130 ba. Sirdin Ténéré 700 ya haura santimita 85 daga ƙasa, don haka mai matsakaicin tsawo da ƙyar yatsun ƙafarsa suke taɓa ƙasa. Idan irin wannan babur ya karkata a cikin yashi ko a bakin kwata, ƙafa ɗaya ba ta tare shi. Ba gudu, ba karo, amma kilo 200 da ɗoriya ne ke sauka a kan duk abin da ya fara taɓa ƙasa.

> Akwatin ma'ana
> Ƙarfen kariya: bututun ƙarfe da aka lanƙwasa aka ɗaure a jikin babur, hagu da dama, domin shi ya fara taɓa ƙasa idan babur ya faɗi.
> Shasi: ƙashin babur, wato ƙarfen da inji, tanki da tayoyi suke ɗaure a jikinsa.
> Lagireto: akwatin alminiyam mai siraran ramuka wanda ruwan sanyaya inji yake bi ta cikinsa.

2. Me ƙarfen yake tsarewa?

Ƙarfen kariya iri biyu ne. Na ƙasa yana zagaye inji, yana tsare murfin kuloci, murfin janareto da famfon ruwa. A BMW mai inji kwance, wanda kawunansa biyu suke fitowa hagu da dama, murafan kawunan nan su ne ke fara shan ƙasa, shi ya sa na ƙasa ya zama dole a gare shi. Na sama kuma yana tsare lagireto, tanki da robobin jiki. Kamfanoni irin su SW-Motech da Touratech na Jamus da Givi na Italiya suna ƙera wa kowane samfurin babur nasa, galibi da bututu mai kaurin milimita 22 zuwa 27. Na wani samfurin ba ya hawa kan wani, ko da kamfanin babur ɗin ɗaya ne. Har shekarar ƙira ma ana dubawa kafin a saya.

Amfanin ƙarfen yana bayyana ne a nesa da gari. Robar jiki idan ta fashe, kyan babur ne kawai ya ragu. Amma murfin kuloci ya tsage baƙin mai ya tsiyaye, ko lagireto ya huje ruwa ya zube, tafiya ta ƙare a nan inda aka faɗi.

Sai dai akwai abin da ya kamata ya zauna a zuciyar kowa tun yanzu: ƙarfen nan babur yake tsarewa. Ba a yi shi don ƙafar mahayi ba. A 1981 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka wanda Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya jagoranta, inda aka bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles. Binciken ya gano cewa ƙarfen yana rage rauni a idon sawu da tafin ƙafa, amma yana ƙara shi a ƙwauri, gwiwa da cinya, ribar da asarar suka tashi kunnen doki. Hular kwano, takalmi mai rufe ƙwauri da safar hannu suna nan a matsayinsu, ƙarfe bai ɗauke wa kowa su ba.

3. Sanin noti

Rabin wannan aiki sanin noti ne, don haka za mu ɗan daɗe a nan.

> Akwatin ma'ana
> Noti: a wannan darasi, shi ne dogon ƙarfe mai kai da haƙora wanda ake murɗawa ya shiga rami.
> Macen noti: guntun ƙarfe mai rami da haƙora a ciki, wanda noti yake shiga.
> Washa: siririn faifan ƙarfe da ake sa wa a ƙarƙashin kan noti.
> Zoben tazara: guntun bututu mai kauri da ake sa wa tsakanin ƙarfen kariya da jikin babur don cike giɓi.
> Kunnen ƙarfe: faffaɗan wuri mai rami a jikin ƙarfen kariya, inda noti yake ratsawa.

Abu uku ake dubawa a jikin noti.

Na farko kauri. Idan aka rubuta M8, ana nufin kaurin jikin notin milimita 8 ne. M6 milimita 6, M10 milimita 10. A nan masu koyo sukan rikice, domin lambar sufana daban ce da lambar noti. M8 na baburan Japan sufana 12 yake ci, na Turai kuma sufana 13. M6 sufana 10 yake ci. Idan mai ramin alanki ne, M6 yana cin alanki 5, M8 alanki 6, M10 alanki 8. Baburan BMW kuma sun fi amfani da noti mai rami kamar tauraro, wanda ake kira Torx, shi ma da makullansa daban.

Na biyu lambar ƙarfi. Ku ɗauki noti ku goge kansa da tsumma, za ku ga an buga lamba: 8.8, 10.9 ko 12.9. Duk wanda lambarsa ta fi girma ya fi jure ja. Notin da babu lamba a kansa kada ya kusanci mazaunin inji, komai sheƙinsa. Haka ma farin noti marar tsatsa da aka buga wa A2-70: yana da kyan gani, amma bai kai 8.8 ƙarfi ba.

Na uku tsawo, kuma ana auna shi daga ƙarƙashin kai zuwa ƙarshe, ban da kan. Tsawo shi ne inda aka fi yin ɓarna. Ramukan jikin inji a cikin alminiyam aka yanka su, shi kuwa alminiyam ya fi ƙarfe taushi nesa ba kusa ba. Ka'idar masu aikin ita ce noti ya shiga cikin alminiyam kamar kaurinsa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ke nan M8 yana son shiga milimita 12 zuwa 16.

*Misali na 1.* Wani babur yana da noti M8 mai tsawon milimita 40 a mazaunin inji. Milimita 24 suna ratsa shasi, sauran 16 suna shiga inji. Za a ɗaura ƙarfen kariya mai kaurin kunne milimita 8, da washa mai milimita 2. Idan aka mayar da tsohon notin, nawa zai shiga inji?

Kunne da washa: 8 + 2 = 10.
Abin da zai shiga inji: 16 – 10 = milimita 6.

Tsakanin haƙori da haƙori a M8 milimita 1.25 ne, don haka milimita 6 ba su kai haƙora biyar ba, alhali da can kusan goma sha uku ne suke riƙe. Ranar da babur ya faɗi, haƙoran nan kaɗan za su tsige su fito a jikin notin kamar murɗaɗɗiyar waya. Shi ya sa kamfanin ƙarfen yake haɗo sabon noti mai milimita 50: 50 – 24 – 10 = 16, an koma daidai.

4. Ɗauri da awo

Da yawa daga cikinmu mun saba da ɗaure noti har sai hannu ya gaji, wani ma ya zura bututu a gindin sufana ya taka da ƙafa. A mazaunin inji wannan ɗabi'a tana da tsada. Noti idan ya yi sako-sako, girgizar hanya za ta kwance shi. Idan aka wuce gona da iri, ko ya miƙe ya karye a ciki, ko ya cinye haƙoran ramin.

> Akwatin ma'ana
> Ƙarfin murɗi: yawan ƙarfin da aka sa wajen juya noti. Ana auna shi da niwton-mita, ana rubuta Nm.
> Sufana mai awo: sufanar da ake saita wa lamba, idan ɗauri ya kai lambar sai ta yi ƙara "ƙas" a hannu.
> Gam ɗin noti: ruwa mai kauri da ake ɗiga wa haƙoran noti don kada girgiza ta kwance shi.

Ƙarfin murɗi abu biyu ne aka ninka: ƙarfin da hannu ya sa, da tsawon sufana.

*Misali na 2.* Sufana tana da tsawon santimita 25, wato mita 0.25. Aka danna ƙarshenta da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 10. Nauyin kilo 10 kusan niwton 98 ne.

98 × 0.25 = Nm 24.5.

Wannan shi ne kusan duk abin da noti M8 yake buƙata. Yanzu a zura bututu sufanar ta kai mita ɗaya, a danna da wancan ƙarfin dai: 98 × 1 = Nm 98, ninki huɗu ke nan na abin da notin yake ɗauka.

Ga noti mai lamba 8.8, busasshe kuma mai tsabta, awon da aka saba shi ne kusan Nm 10 ga M6, kusan 25 ga M8, tsakanin 46 da 50 ga M10. Waɗannan na gama-gari ne. Notin mazaunin inji yana da awonsa na musamman a littafin babur, kuma littafin shi ne gaba da kowane jadawali. Idan haƙoran suna da giris ko baƙin mai, noti zai matse fiye da abin da sufana ta nuna, don haka a wanke su a busar sai idan littafin ya ce a shafa.

*Misali na 3.* Takardar wani ƙarfe da aka sayo daga Amurka ta rubuta 18 lb-ft, sufanarku kuma Nm take nunawa. Ana ninkawa da 1.356: 18 × 1.356 = 24.4. Sai a saita sufana a kan 24.

Sufana mai awo ta ɗauri ce kawai, ba a kwance noti da ita. Da ta yi ƙara a tsaya, kada a ƙara mata ko kaɗan. In an gama aiki a mayar da ita lambarta ta ƙasa kafin a ajiye.

Gam ɗin noti kuma a kula da launinsa. Shuɗi, irin Loctite 243, yana riƙewa amma sufana tana kwance shi, shi ake so a wannan aiki. Ja, irin Loctite 271, sai an gasa wurin da zafi kusan digiri 250 kafin ya saki. Ɗigo ɗaya ko biyu ya isa, kuma yana ɗaukar awa 24 kafin ya gama kamawa. Macen noti mai zoben roba a bakinta ba ta buƙatar gam.

5. Yadda ake ɗaurawa

Kayan aiki: sufanu da soket, alanki, sufana mai awo, ƙaramin jak, guntun katako, shuɗin gam, tsumma, tef ɗin takarda, da leda ko gwangwani na ajiye noti.

A fara da inji mai sanyi, domin bututun salansa yana nan kusa da inda hannu zai shiga. A kafe babur a daɓen siminti mai faɗi, kan ƙafar tsakiya idan yana da ita. Idan ƙafar gefe kaɗai gare shi, a sa shi a giya, wani ya riƙe shi. A shimfiɗa tsumma a zube kayan da suka zo a kwali, a gwada su ɗaya bayan ɗaya da hoton takardar umarni. Zobban tazara sukan yi kama da juna alhali wani ya ɗara wani da milimita biyu ko uku, kuma na hagu ba lallai ya yi daidai da na dama ba. A auna su da ruler ɗin milimita. A manna tef ɗin takarda a robobin da ƙarfe zai goga, sannan a ɗauki hoton kowane gefe da waya kafin a taɓa komai.

Yanzu ga wurin da ya fi muhimmanci. A yawancin manyan baburan zamani inji yana cikin abin da ke riƙe shasi, kuma ƙarfen kariya a kan notin mazaunin inji yake hawa. Idan aka zare notin hagu da na dama lokaci ɗaya, inji zai ɗan sauka. Ko milimita biyu ya sauka, ramuka sun saɓa, noti ba zai koma ba. Don haka a sa jak a ƙarƙashin inji da katako a tsakani, a ɗaga har katakon ya tokare shi kawai, ba har babur ya tashi ba. Kada jak ya hau kan salansa, matatar baƙin mai ko notin juye mai. Sannan a yi aikin gefe ɗaya, notinsa ya shiga raminsa, kafin a koma ɗayan.

Ga jerin aikin:

1. A kwance tsohon noti na gefe ɗaya, a sa shi a leda, a rubuta inda ya fito.
2. A share ramin daga ƙura da tsohon gam.
3. A ɗora ƙarfen, a jera zoben tazara da washa yadda hoto ya nuna.
4. A kama kowane noti da yatsu, ya yi zagaye uku ko huɗu cikin sauƙi. Idan ya cije tun zagayen farko, ya shiga a karkace ne; a fitar a sake.
5. A bar su duka sako-sako, ƙarfen yana ɗan motsi.
6. A yi wa ɗaya gefen haka, a haɗa guntun da ke sada hagu da dama idan akwai.
7. Idan komai ya zauna, a fitar da noti ɗaya-ɗaya a ɗiga masa gam a mayar.
8. A ɗaure da awo, a fara da na mazaunin inji, a ƙare da ƙanana. Sannan a sauke jak.

Mataki na 5 shi ne wanda aka fi tsallakewa. Duk wanda ya taɓa haɗa gadon ƙarfe ya san idan ya matse kusurwa ɗaya tam, ta huɗu ba za ta hau ba.

*Misali na 4.* A wani gareji, yaro ya ɗaure notin sama har ƙarshe, ya zo na ƙasa ya tarar ramin ya goce da rabi. Ya ce, "Maigida, ramin ƙasa ya ƙi zuwa. In ɗauko guduma?" Maigidan ya ce, "Bar guduma. Sassauta na sama tukuna, ka ɗan ƙara jak." Ya sassauta, ya ƙara jak kaɗan, ya leƙa da tocila ya ga ramukan sun haɗu, notin ya shiga da yatsu. Da an tilasta shi da guduma ko da sanda, ƙarfen zai zauna a matse yana jan kunnuwan shasi dare da rana, girgiza kuma ta ƙarasa tsaga shi a wurin walda.

In an gama, kada a tashi babur tukuna. A juya kansa hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, a tabbatar bai taɓa ƙarfen ba. A kama birkin gaba a danna babur ƙasa sau biyu ko uku a ga ko madogarar taya ko murfinta suna gogawa. A zura yatsa tsakanin ƙarfe da robobi, lagireto da salansa. Yatsa ya shiga ko'ina. Idan ƙarfe ya manne da roba, ranar faɗuwa shi da kansa zai fasa ta. A duba tiyon ruwa, tiyon birki da wayoyin wuta kada ɗaya ya matse. Kowane kan noti a ja masa layi da fenti har zuwa jikin kunnen. In layin ya rabu daga baya, noti ya motsa. Bayan tafiyar farko ta kamar kilomita 50 a sake duba layukan, haka kuma bayan kowace doguwar tafiya a burji.

6. Yadda ake kwancewa

Ana kwance ƙarfen don wasu gyare-gyaren inji, ko don ya lanƙwashe, ko don za a sayar da babur. A wanke wurin, domin ƙurar hunturu da laka sukan cika ramin alanki, makulli ya shiga rabi ya cinye kan noti. A sa tsinke a ƙwaƙule ramin, a fesa man sassauta tsatsa, a ba shi lokaci ya ratsa. A kafa jak da katako kamar dā.

Ƙarfen da ya taɓa faɗuwa yana nan a danne kamar baka da aka ɗana, ko da ido bai ga lanƙwasar ba. Idan aka zare noti ɗaya gaba ɗaya, yana iya zabura ya bugi hannu ko fuska, ko ya karya notin da ya rage. A sassauta kowanne zagaye ɗaya, a zagayo a ƙara, har dannewar ta saki. Sannan a cire guntun tsakiya, a sauke gefe ɗaya, a mayar da tsohon notinsa, a ɗaure da awo, kafin a taɓa ɗaya gefen.

Idan kan noti ya cinye, a buga makullin Torx da ya ɗan fi ramin girma a murɗa a hankali. Idan gam ne ya riƙe, a gasa da na'urar hura iska mai zafi. Harshen wuta kusa da tanki da tiyon fetur ganganci ne da rai.

Tsohon notin da aka adana a leda, yau ce ranarsa.

*Misali na 5.* Mu koma babur ɗin misali na 1. An cire ƙarfen, tsohon noti mai milimita 40 ya ɓata, aka mayar da mai 50. Zurfin ramin inji milimita 20 ne. Notin yana son shiga 50 – 24 = 26, rami kuma 20 ne, saura milimita 6 a waje. Ƙarshen notin zai tokari gindin rami, sufana ta yi ƙara kamar an ɗaure, alhali kansa bai kama shasi ba. Inji yana rawa a mazauninsa, idan kuma aka ƙara ƙarfi gindin ramin yana iya tsagewa. Maganin shi ne a nemo noti mai milimita 40 da lambar ƙarfi irin ta asali. Macen noti mai zoben roba da aka kwance ita ma a sa sabuwa.

Da ƙarfen ya sauka, a duba kunnuwan shasi da jikin inji da tocila. Siririn layi a fenti ko jan tsatsa a gefen walda alamar tsaga ce, kuma wannan aikin ƙwararre ne. A karkata bututun a ga ko ruwan damina ya taru a ciki, domin tsatsa daga ciki take ci. Ƙarfen da ya ɗan goge ana kankare shi a yi masa fenti. Wanda ya tsage ko ya ninke, a sauya shi.

7. Idan mai walda ne zai ƙera

Ƙarfen kamfani yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba, masu walda kuwa a garuruwanmu sun daɗe suna ƙera wa ƙananan babura irinsa. Ba laifi a ba su aikin babban babur, amma da sharuɗɗa. Kada a yi waldar ƙarfen a jikin shasi. Da noti zai hau, da noti zai sauka. A gwada a jikin babur, a yi waldar a ƙasa nesa da shi, saboda fetur da kuma kwamfutar inji da wutar walda take iya ƙonawa. Kowane gefe ya kama aƙalla wuri biyu masu ƙarfi, uku ya fi. Kuma kada a ce sai rodi ko bututu mafi kauri a kasuwa. Ana son ƙarfen ya lanƙwashe ya shanye bugun. Wanda ya ƙi lanƙwasa gaba ɗaya, bugun zai miƙa wa kunnen inji, shi kuwa kunnen inji idan ya karye kuɗin gyaransa ya ninka na ƙarfen sau da yawa.

Tambayoyin bita

1. Faɗi sassa uku na babur da ƙarfen kariya yake tsarewa.
2. Me binciken 1981 ya gano game da ƙarfen kariya da ƙafar mahayi?
3. Mene ne bambancin lambar M8 da lambar 8.8 a jikin noti?
4. Noti M10 zai shiga ramin alminiyam. Milimita nawa zuwa nawa ya kamata ya shiga?
5. Tsohon noti yana da tsawon milimita 55. Kunnen ƙarfe milimita 6 ne, zoben tazara 12, washa 2. Nawa ne tsawon sabon notin da ake buƙata?
6. An danna sufana mai tsawon mita 0.5 da ƙarfin niwton 98. Nm nawa ke nan? Noti M8 zai ɗauka?
7. Mayar da 35 lb-ft zuwa Nm.
8. Don me ake tokare inji da jak, kuma don me ba a zare notin hagu da na dama tare?
9. Wane launin gam ake so a wannan aiki, kuma me ya sa ba a son ɗayan?
10. Me zai faru idan aka cire ƙarfen kariya aka mayar da dogon notin a mazaunin inji?

Aikin gida: Ku je garejin da ke kusa da ku, ku nemi izinin maigidan, ku auna kauri da tsawon noti biyar, ku rubuta lambar da ke kan kowanne da sufanar da yake ci. Ku zo da takardar aji na gaba.